Yadda “spread-eagle” ta shiga littafinmu

Mu 'yan kaɗan ne masu cin abinci da fassara muka haɗa kai muna tattara maganganun Turancin da ke kayar da mai fassara labarai, da nufin fitar da ɗan littafi saboda ɗalibai da sababbin shiga gidan rediyo. Ba kalmomin da ƙamus ke gamawa da su a layi ɗaya muke bi ba. Masu fuska biyu ko uku muke farauta, irin waɗanda in ka cafki ma'anar farko ka ruga da ita sai ka kai mai sauraro inda marubucin bai taɓa nufa ba. Da aka raba aiki bisa haruffa, S ta faɗo hannuna, a cikinta kuwa akwai “spread-eagle”.

Shugabar aikin wata Hajiya ce da ta yi furfura a ɗakin labarai, kuma ba ta wasa da ƙa'ida. Ba ta yarda ka ƙago misali da ka ba. Sai dai jimlar da wani ya riga ya rubuta a jarida ko littafi, ka kwafe ta a kati, kowane kati jimla ɗaya. In katunan sun taru ka baje su, ka ware su kashi-kashi. Bayan nan ka tono asalin maganar, sannan ka kawo Hausarta. Hausar ma ba ta tsallakewa sai an gwada ta a kan wanda ba ya jin Turanci ko kaɗan. Matakin ƙarshen nan ya fi kowanne cin lokaci, kuma a wannan kalma shi ya yi rabin aikin.

Tara katunan bai ba ni wuya ba, don maganar tana ko'ina: labaran kotu, shafin wasanni, littattafan yaƙi, takardun gargaɗi na masu hawan dutse. Da na baje su a tabarma, kashi ɗaya ya rinjayi sauran nesa ba kusa ba. Duk siffa ɗaya suke bayarwa: mutum ya ware hannuwansa biyu, ya ware ƙafafunsa biyu, jikin ya tashi kamar harafin X. Ga wanda barci ya kwashe a kan gado. Ga leburan da ya faɗo daga saman gini. Ga mai hawan dutse da ya maƙale a jikin dutsen, ya rasa gaba ya rasa baya. Ga wanda 'yan sanda suka jingina da mota. Ga mai tsaron gida da ya buɗe jikinsa gaba ɗaya a gaban mai kawo hari, irin tsallen da Peter Schmeichel ya yi suna da shi a Manchester United a shekarun 1990, wanda ya samo daga wasan ƙwallon hannu. Turancin bai damu ba ko mutumin a tsaye yake ko a kwance, rigingine ko rub-da-ciki, da son ransa ko tilas aka yi masa, da rai ko babu. Siffar kawai yake kallo. Hausa kuwa sai ta yi maka waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya kafin ta ba ka kalma.

Sauran katunan 'yan ƙananan tsibi ne, wasu ma babu jikin mutum a cikinsu sam: jawabin ɗan siyasa, dokin sukuwa, sunan mashaya a wani ƙauyen Ingila, har da kaza. Na ture su gefe na koma neman asali.

Asalin zane ne. Sarakuna da manyan gidajen Turai suna da tambarin da ake zanawa a garkuwa da tuta da hatimi, kuma kowace dabba da ƙa'idar zana ta. Mikiya (masana tsuntsaye za su ce gaggafa ta fi dacewa, amma a bakin mutane mikiya ce ta ci kasuwa) ana zana ta ne da ƙirji yana kallonka, fukafukai buɗe hagu da dama, ƙafafu a ware da farata waje, kai ya juya gefe guda. Babu tsuntsu mai rai da ke tsayuwa haka. An yi ne don ta cika garkuwar, a gane ta daga nesa. Tun ƙarni na 16 Turawan Ingila ke kiran wannan zane “spread eagle”, wato mikiya a baje. Ita ce a tambarin Jamus, baƙa a kan ruwan ɗorawa, ga ta nan a bayan tsabar Yuro ɗaya da Yuro biyu ta ƙasar. Ita ce fara mai kambi ta Poland, ita ce mai kai biyu a jar tutar Albaniya. Ba sai mun je nesa ba ma: jar mikiyar da ke saman tambarin Nijeriya, bisa baƙar garkuwa da fararen dawakai biyu, fukafukanta a buɗe suke, don bisa ƙa'idar zanen Turawan Ingila aka tsara tambarin.

Katin mashaya nan take ya warware. A da can, kafin a fara sa wa gidajen Landan lamba, ga shi mutane da yawa ba su iya karatu ba, kowane shago allo yake ratayewa mai hoto, sai a ce mu haɗu a gidan mai zaki ko gidan mai mikiya. Shi ya sa har yau ake samun mashaya da masaukai a Ingila masu suna Spread Eagle. Wasu maƙeran zinariya biyu, John Freame da Thomas Gould, sun fara harkar kuɗi a titin Lombard na Landan a 1690, a 1728 kuma harkar ta koma wani gida mai allon baƙar mikiya a baje, a wannan titin dai. Ita ce ta zama bankin Barclays, mikiyar kuma tana jikin tambarinsa har gobe. Dattawan Kano da Kaduna da Jos sun san bankin sarai, don ya yi zamani a Nijeriya kafin ya koma Union Bank a 1979, mai tambarin doki. Spread Eagle na mashaya dai suna ne, ba a fassara shi. Abin da na rubuta ke nan na wuce.

Daga zane zuwa jikin mutum kuwa, ta wurin bulala maganar ta bi. A ƙarshen ƙarni na 18 ta fara fitowa da ma'anar mutumin da aka ɗaure a ware don a zane shi. A jiragen yaƙin Ingila na wancan zamani, in ma'aikacin jirgi ya yi laifi sai a tara kowa da kowa a saman jirgi, a tuɓe masa riga, a jingina wani murfin katako mai raga-raga a tsaye, a ɗaure wuyan hannuwansa sama a ware, a ɗaure ƙafafun, sannan a ɗauko bulala mai harshe tara. Duk wanda ya fara kwatanta wannan bawan Allah da mikiyar tambari, ba'a ce mai ɗaci ya yi, amma ta zauna. Amurka ta hana bulala a jiragen yaƙinta a 1850. Rundunar sojan ƙasa ta Ingila ta daina a 1881, ta kawo wani horo a madadinta: a ɗaure soja a jikin turke ko tayar igwa har awa biyu a rana. A farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya akan ɗaure shi da hannuwa a ware, har sojojin da kansu suka laƙaba wa horon suna gicciyewa. Sai a 1923 aka soke shi.

Wannan tarihi ya fayyace mini abin da na riga na lura da shi a babban tsibin: mafi yawan mutanen da ke cikin katunan yi musu aka yi, ba su suka yi ba. An jefar da su, an tura su, an ɗaure su, ko ƙarfinsu ya ƙare. Maganar har yanzu tana ɗauke da warin rashin kataɓus, ko da marubucin bai faɗa ba.

Da na tsara Hausar da nake ganin za ta yi, sai na nufi rumfar wani dattijon mahauci a bakin kasuwar unguwarmu. Ba ya jin ko zo na Turanci, Hausarsa kuwa garau. Dattijo ba zai kwanta a ƙasa don wasan 'yan boko ba, saboda haka muka shirya: ni in karanta jimla, yaronsa mai hura wuta ya gwada da jikinsa a kan tabarma, shi kuma Baba ya yanke hukunci.

“Baba, an shiga ɗaki an tarar da mutum ya miƙe a gado.”

Yaron ya kwanta samɓal, ƙafafu haɗe, hannuwa a jikin cinya. Wannan ta faɗi ke nan. Na ce ya baje a gado. Ya saki jiki, ya ɗan buɗe hannu, ƙafa ɗaya a lanƙwashe. Ta matso, amma ba ta kai ba. Na ce ya yi shame-shame. Yaron ya langaɓar da kai ya hangame baki, masu jiran tsire suka kwashe da dariya.

“Wannan ai majinyaci ne, ɗana, ko wanda ya sha duka,” in ji Baba. “Wai me kake so ya yi ne?”

Ƙa'idar Hajiya ta hana a nuna wa mai gwaji amsa tun farko, amma tunda jakata ta ƙare, sai na tashi na ware hannu da ƙafa.

“Af! To ka ce ya yi ɗai-ɗai mana.”

Ɗaya yaron ya dawo daga ɗebo ruwa ke nan, bai ga abin da na yi ba. Na ce masa, kwanta ka yi ɗai-ɗai. Ya ajiye jarka, ya kwanta rigingine, hannu ɗaya gabas ɗaya yamma, ƙafafu a ware. Harafin X sak. Na rubuta ta a saman jerin. Sai dai Baba ya ja mini kunne cewa ɗai-ɗai kwanciyar mai gida ce, ta wanda zafi ya dama ko ya ci ya ƙoshi ya mallake gado shi kaɗai. Ba a yin ta a tsaye, kuma ba a sa mutum ya yi ta da bakin bindiga. Leburan da ya faɗo daga gini kuwa, muka daidaita a kan ya faɗi warwas, in ana son siffar ta fito a ƙara da hannu da ƙafa a ware.

Sai na zaro katin kaza. A tsohon Turancin masu girki, kazar da aka tsaga aka shimfiɗe don gashi ita ma “spread eagle” ake ce mata, ko da yake yanzu wata kalmar suka fi amfani da ita. Ban gama bayani ba Baba ya jawo figaggiyar kaza daga cikin roba, ya kifa ta a kan katako, ya bi ta da wuƙa, ya buɗe ta, ya ɗora tafin hannu ya danna har ƙashi ya ce ƙas. Ya soke ta da tsinke biyu a gicciye don kada ta tattare a kan wuta, ya barbaɗa yaji, ya ajiye ta gefen garwashi.

“Banƙararriya,” ya ce.

Nan babu gardama. Ragon layya ma da ake kafewa da itace a jera a kewaye wuta, banƙare shi ake yi. Na yi kwaɗayin in ari kalmar in kai ta kan mutumin da aka ɗaure a jirgi, don a kunne ta yi daidai da zafin abin. Da na ce wa yaron an banƙare ɓarawo, sai ya mayar da hannuwansa baya ya haɗe su, ya turo ƙirji gaba. A kan kaza banƙarewa buɗewa ce, a kan mutum ɗaurin baya ne. Na gwada gicciyewa, Baba ya girgiza kai ya ce wanda aka gicciye ai kashe shi aka yi, ba horo ba. Dole na haƙura da doguwar hanya: aka ɗaure shi a tsaye, hannuwa da ƙafafu a ware, kowace gaɓa da igiyarta. Ba ta da daɗin faɗa kamar banƙarewa, amma yaron ya tsaya daidai da jin ta, kuma abin da ake nema ke nan.

Katunan 'yan sanda wurin kawuna na kai su, tsohon sufeto ne da ya yi ritaya. Ba Hausar kaɗai na je nema ba, dalilin tsayuwar nake son sani.

“Kawu, me ya sa sai an ware masa ƙafa? Ɗaga hannu bai isa ba?”

“Tashi ka dafa bangon can.”

Na dafa. Ya sa ƙafarsa ya ja nawa baya, ya buɗa su, har na ji nauyina duka ya koma kan tafukan hannuna.

“To, ɗauke hannu ɗaya ka sa a aljihu.”

Ina ɗagawa na ji zan ci da baki. Ya ce to ka gani, mutum a haka ba ya iya juyowa, ba ya iya gudu, sai ya fara gyara tsayuwa tukuna, kuma wannan ɗan taƙin shi ne abin da ɗan sanda ke buƙata. Ga hammata da ƙugu da tsakanin cinyoyi, inda ake soke wuƙa ko ƙaramar bindiga, duk sun buɗe. In kuma ana shakkar mutumin ƙwarai, rub-da-ciki ake sa shi a ƙasa, hannuwa nesa da jiki.

Mafi yawan katunan nan daga Amurka suka fito, kuma akwai dalili. A 1968, a shari'ar Terry da jihar Ohio, Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa ɗan sanda na iya tsayar da mutum ya shafa tufafinsa ta waje yana neman makami, ko babu takardar izini daga kotu, muddin yana da dalilin zargi mai kama hankali. Irin wannan tsayarwa a titi ta zama ruwan dare, ƙorafi a kanta ma haka, musamman daga baƙaƙen fata. Na lura cewa ɗan jaridar da ya zaɓi “spread-eagled” a irin wannan labari, maimakon ya ce an bincike mutum kawai, yawanci wulaƙancin yake so ka gani. Saboda haka na dage a kan kada mai fassara ya yar da “suka sa shi”: suka sa shi ya dafa mota ya ware ƙafafu, suka caje shi. Na so in ce lalube, Kawu ya ce lalube na mai neman ashana ne a cikin duhu, su caje suke cewa.

Katin ɗan siyasa shi ya fi nisa da sauran, kuma na Amurka ne zalla. A ranar 20 ga Yuni, 1782, majalisar ƙasar ta amince da babban hatiminta: mikiya mai farin kai, fukafukai a buɗe, reshen zaitun a ƙafar dama, kibau 13 a ta hagu. Duk mai dala ɗaya a aljihu zai gan ta a bayan takardar. A tsakiyar ƙarni na 19 ƙasar tana ta faɗaɗa: ta haɗe Texas a 1845, ta gwabza da Meziko daga 1846 zuwa 1848 ta karɓe Kalifoniya da wasu yankuna. 'Yan siyasa sukan hau mumbari, musamman ranar 4 ga Yuli, ranar 'yancinsu, su yi ta kambama mikiyar da ƙasar da take wakilta, su a dole babu kamarsu a bayan ƙasa. Masu yi musu dariya suka riƙa kiran irin wannan jawabi “spread-eagle”, har aka ƙera wa ɗabi'ar suna, “spread-eagleism”. A taronmu wani abokin aiki ya ce mu sa kirari. Ban yarda ba. Kirarin ɗan dambe ko na maharbi ba abin kunya ba ne, ana tsayawa a saurara, wani lokaci har a yi kyauta. Turancin kuwa tsokana ce, yana nufin baki ya fi aiki. Muka tsaya a kan cika baki da sunan kishin ƙasa, muka ƙara fankama a gefe, tare da alamar cewa tsohuwar ma'ana ce, a littattafan tarihi za a fi cin karo da ita.

Na wasanni ba su ja ni da nisa ba. A rubutun sukuwar dawaki na Ingila, in aka ce doki ya yi wa sauran “spread-eagle”, ya tsere musu ne ya bar su a warwatse a baya. Ya yi musu fintinkau ta zauna cif, ba gyara. A wasan kurket, inda ake kafa sanduna uku a bayan mai duka, in ƙwallo ta daki sandunan suka watse ɗaya hagu ɗaya dama, haka ake cewa. Ƙwallo ta tarwatsa sandunan ta isa.

Inda na sake rage gudu shi ne katunan gargaɗi, don a nan fassara na iya taɓa rai. Mai dirowa daga jirgin sama da laima, kafin ya buɗe ta, yakan kifa cikinsa ga ƙasa ya baza hannu da ƙafa. Faɗin jikin da iska ke duka shi ke rage gudu, kuma shi ke hana shi wuntsilawa: a haka gudun faɗowarsa yakan tsaya wajen kilomita 200 a awa, in kuwa ya tattara jiki ya juya kai ƙasa sai ya zarce haka da nisa. A ƙasashen sanyi, inda tafki ke daskarewa, ana gargaɗin wanda ƙanƙara ta fara tsagewa a ƙarƙashinsa, ko wanda ya samu ya fito daga ramin da ya burma, da kada ya miƙe tsaye. Ya kwanta ya baza jiki, ya ja ciki ko ya mirgina har ya bar wurin, don nauyin da ke tattare a tafin ƙafa biyu ya rarrabu a faɗin jiki duka. A nan da na sa ɗai-ɗai, da mai karatu ya kwanta rigingine, kamar yadda yaron Baba ya yi. Na rubuta da babban baƙi cewa in maganar ta zo a umarni, mai fassara ya koma cikin rubutun ya gano ina ciki ke kallo, sannan ya faɗe shi ɓaro-ɓaro: kwanta rub-da-ciki, ka baza hannuwa da ƙafafu.

Da na kai wa Hajiya daftari, ta karanta har ƙasa, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

“Malam, ina sauran katunan?”

“Ranki ya daɗe, waɗanda suka rage ba na littafin ɗalibai ba ne.”

“Don na ɗalibai ne ma ya sa nake tambaya.”

Akwai wani tsibi da na kife, inda maganar ta zo da ma'anar batsa, kusan kullum a kan mace. Hujjar Hajiya ita ce ɗalibin da bai san da wannan ba zai iya jefa kalmar a rubutunsa na Turanci a inda ba ta dace ba, ko ya buga ta a intanet yana neman hoto a gaban jama'a ya sha kunya. Ta ƙara da abin da ya fi damunta, wanda ta ce ta sha jin sa a bakin sababbin masu fassara: labari ya zo cewa mota ta kaɗe wata mata an same ta a titi “spread-eagled”, sai yaro ya fassara da ta tale ƙafa ko ta wage ƙafa. Baturen ba abin da ya nufa sai yanayin faɗuwa, amma a kunnen Bahaushe waɗannan kalmomi faɗa ne da uwa ke yi wa 'yarta a kan zama, sai ga shi an tozarta baiwar Allah a rediyo tana kwance a asibiti. Ta ce in rubuta layi biyu: ɗaya na gargaɗi cewa kalmar tana da fuskar batsa, a kula da inda aka sa ta, ɗaya kuma cewa in mace ce a labarin haɗari, an same ta yashe a titi ta wadatar. Haka na rubuta, ba tare da misali ba. Wannan ne kaɗai wurin da ta ɗaga ƙa'idar kati.

Ta kuma sa na ƙara ɗan bayani a kan siffofin rubutun, don ɗalibai sukan ɗauka kalmomi ne daban-daban. In suna ne, na zanen ko na mashaya, kalma biyu ce a rabe. In aiki ne ko siffa, akan sa karan ɗori a tsakani, wasu kuma su haɗe ta gaba ɗaya. Mai ɗafin -ed a ƙarshe ita ta fi yawa a labarai.

Gardamarmu ta ƙarshe a kan jeri ce. Ni na so a fara da mikiyar tambari a gangaro bisa tarihi, don in ɗalibi ya ga zanen a ransa sauran ma'anonin za su biyo da kansu. Hajiya ta ce mai fassarar da ke da minti goma kafin labaran ƙarfe bakwai ba tarihin sarakunan Jamus yake nema ba, so yake ya ga abin da zai faɗa. Muka raba: layi ɗaya a sama mai bayyana zanen, sai jikin mutum da rassansa, na kwance da na tsaye da na ɗaure, sai umarnin gargaɗi, sai wasanni, tsofaffin ma'anoni a can ƙasa. Har yanzu ina ganin jerina ya fi koyarwa, amma nata ya fi saurin amfani, kuma littafin na masu sauri ne.

Kati ɗaya ya ƙi shiga ko'ina. A wasan zamiya a kan ƙanƙara, wanda ake yi da takalmi mai ƙarfe a ƙasa, akwai salon da ake kira “spread eagle”: mai wasa ya ware ƙafafu, ya juya yatsun ƙafa ɗaya hagu ɗaya dama har dugadugansa su fuskanci juna, ya tafi a kaikaice yana zana baka a kan ƙanƙarar. Ba kowa ke iyawa ba, sai mai sakakken ƙugu. Brian Boitano na Amurka, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta hunturu a Calgary a 1988, ya yi suna da shi. A nan ƙafafu ne abin lura, hannuwa duk inda mai wasa ya ga dama ya kai su. Na koma rumfar Baba da bayanin, yaron ya gwada juya ƙafafun a kan siminti ya tafi taga-taga, sai da ya dafa teburin nama. Babu wata kalmar Hausa da ta zo kusa, jimlar bayanin kuma ta cika layi huɗu. Hajiya ta ce a yi zane. Ɗalibar da ke yi mana zane ta kawo mutum tsaye ya baza hannuwa, ƙafafunsa suna kallon gaba, sai da na tura mata bidiyon wasan ta kalla ta sake. Na biyun ya fito daidai, sai dai ya cinye rubu'in shafi, kuma don a sama masa wuri aka datse labarin titin Lombard ya koma layi ɗaya.